Shuɗi Mai Cizawa ko Ruwan Toka? Taga da Ƙwan Lantarki Ne Za Su Raba Gardama

Duk wanda ya leƙa sababbin gidajen da ake ginawa a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai a 'yan shekarun nan zai lura cewa ruwan madara da ruwan ƙwai, waɗanda suka daɗe suna mulkin bangon falo, sun fara ja da baya. Launuka biyu ne suka karɓe fagen. Ɗaya shi ne ruwan toka mai ɗan sirkin ƙasa-ƙasa, wanda ya fi siminti taushi a ido amma bai kai ruwan ƙasa ba. Ɗayan kuwa shuɗi ne mai cizawa, wanda saura ƙiris ya koma baƙi, wanda fentoci ke kira nebi bulu. A kan waɗannan biyun ake ta ja-in-ja tsakanin maigida da uwargida, tsakanin ango da gwaggonnin amarya masu zuwa jere, har ma tsakanin mai gini da fentansa. Abin takaicin shi ne inda ake yanke hukuncin: a bakin shago a Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei ko Katako, da tsakar rana, ana duban wani ɗan kati da bai wuce faɗin kwalin ashana ba.

Katin bai yi wa kowa ƙarya ba. Abin da ya nuna haka yake a wannan wurin, ƙarƙashin wannan rana. Sai dai bangon da za a shafa zai zauna ne a ɗakin da labulensa ke sauke wuni guda, wanda ƙwai ɗaya ko biyu ke haskawa da dare, wanda kuma ƙurar hunturu ke shiga wata uku ko huɗu a kowace shekara. Waɗannan abubuwa su ke ba fenti kamannin da zai yi, kuma ba adalci ɗaya suke yi wa launukan biyu ba.

A fara da haske, tunda shi ne babba. Fenti ba ya fitar da haske da kansa. Haske ne ke faɗo masa, ya shanye wani ɓangare, ya mayar da saura ga ido. Manyan kamfanonin fenti suna auna yawan abin da kowane launi ke mayarwa, daga 0 zuwa 100, su rubuta lambar a jikin kati tare da haruffan LRV. Farin fenti mai kyau yakan haura 80. Ga misali daga kamfani ɗaya, Sherwin-Williams na Amurka: ruwan tokarsa da ya yi suna, Agreeable Gray, lambarsa 60 ce, shuɗinsa mai cizawa da ake kira Naval kuwa lambarsa 4. Wato a cikin kashi 100 na hasken da ya sauka a kan wannan shuɗin, kashi 96 sun tafi ke nan, bango ya haɗiye su.

Tazarar ma ta fi haka faɗi idan aka tuna cewa haske ba sau ɗaya yake taɓa bango ba. Yakan bugi wannan kusurwa ya koma waccan, ya hau silin ya sauko, yana raguwa a kowane bugu har ya ƙare. Da za a shafe rufaffen ɗaki gaba ɗayansa, har ƙasa da sama, da fenti mai lamba 60, wannan kai-komon zai sa jimillar hasken ta kai ninki biyu da rabi na abin da ƙwan ya bayar kai tsaye. Da za a shafe shi da mai lamba 4, ƙarin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Ɗakin gaske yana da farin silin da tayil mai haske, don haka bambancin ba ya kaiwa can, amma yana nan, kuma ido yana ganinsa tun daren farko.

Hotunan ɗakuna masu shuɗin bango da ke ruɗar mutane a waya an ɗauke su ne a gidajen da ke da fitilu biyar ko shida a ɗaki guda, wasu a silin, wasu a jikin bango, wasu a kan teburi, a ƙasashen da ba a san ɗauke wuta ba. Mu kuwa dole mai zaɓen fenti ya tambayi kansa yadda ɗakin zai kasance ƙarfe tara na dare, an ɗauke wuta, babu mai a janareta, an kunna 'yar fitila mai caji an jingina ta a kan talabijin. A ɗaki mai ruwan toka, wannan fitilar ta isa a ci tuwo, yaro ya yi aikin makaranta. A ɗaki mai shuɗi mai cizawa, inda ta haska kaɗai ake gani. Wanda ya dogara da sola ma, mai lissafin kowane wat da batirinsa zai ɗauka zuwa asuba, zai tarar shuɗin ya ƙara masa fitilu.

Akwai kuma batun shekaru, wanda ba kasafai ake kawo shi a bakin shago ba. Idon ɗan Adam yana canzawa da tsufa: ƙwayar ido takan ƙanƙance, madubin cikinta kuma yakan yi ruwan ɗorawa-ɗorawa, ya riƙa tare shuɗin haske. Masana ido sun ƙiyasta cewa hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Shi ya sa dattijo zai ɗauko shuɗiyar hula mai duhu ya ce baƙa ce. Idan ɗakin na Hajiya ne, ko na Baba mai tilawa bayan sallar isha'i, to gardamar ta ƙare tun ba a fara ba. A ba su bango mai haske.

Yawan haske ke nan. Irinsa kuma wani zance ne dabam, kuma a nan ne ruwan toka ke shan kashi. A kwalin kowane ƙwan LED akwai lamba mai harafin K a ƙarshenta. Mai 2700K haskensa ruwan ɗorawa-ɗorawa ne irin na tsohon ƙwai mai zare, mai 4000K tsaka-tsaki, mai 6500K kuwa fari fat da ɗan shuɗi-shuɗi. Wannan na ƙarshen shi ya cika kasuwanninmu, don mutane na ganin ya fi haske, wasu ma na cewa mai ruwan ɗorawa yana ƙara zafi, alhali in dai LED ne zafinsu ɗaya. Asalin farin LED shuɗi ne: a cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen abu mai fitar da shuɗin haske, aka lulluɓe shi da wani gari mai mayar da wani ɓangaren shuɗin zuwa ruwan ɗorawa, haɗuwarsu ta ba da fari. Ƙirƙiro wannan shuɗin ne ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. To ƙwai mai 6500K shuɗinsa yana da yawa, jansa kaɗan ne. Shuɗin bango yana samun abin da zai mayar, sai ya fito raɗau. Shi kuwa ruwan toka mai sirkin ƙasa, duk armashinsa yana cikin ɗan ja da ɗan ruwan ɗorawan da aka ɗiga masa ne. Idan hasken ba ya ɗauke da su, babu abin da zai mayar, sai ya koma kamar filastar da ba a shafa ba. Nan ne maigida zai shigo da dare ya dubi bango ya ce, "Malam, anya wannan kalar muka zaɓa?" Ita ce, ƙwan ne ba nata ba. A sa mai 2700K kuma sai lamarin ya juye: ruwan toka ya yi taushi har ya nemi komawa ruwan madara, shuɗin kuma ya mutu, ya zama baƙi-baƙi.

Don haka wanda ya zaɓi ruwan toka ya nemi ƙwai mai 3000K zuwa 4000K, in kuma ya samu wanda aka rubuta CRI 90 a kwalinsa, ya fi mai 80 fito da launuka yadda suke. Kuɗin ƙwayayen ɗaki guda bai kai na galan ɗaya na fenti mai kyau ba, amma sau da yawa sai a sake fenti gaba ɗaya a bar ƙwan da ya jawo matsalar yana lilo a silin.

Taga ma tana da nata hukuncin, kuma a nan ya kamata a yi hattara da shawarwarin da ake kwasowa daga Turai. Can za ka ji ana cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa mai sanyi ne kullum, don rana ba ta taɓa shiga ta nan da tsakar rana. Gaskiya ne a Landan, wadda ke sama da digiri 51 arewa da tsakiyar duniya. Kano tana kan digiri 12. Daga wajen 21 ga Afrilu zuwa wajen 21 ga Agusta, rana ta ɓangaren arewa take bi a samaniyarmu, sauran watannin kuma ta kudu. Tagar arewa da ta kudu musanya suke yi, kuma da yake ranar a sama take sosai, ba ta cika kutsawa can cikin ɗaki ta nan ba, sai dai tagar kudu a watannin sanyi. Waɗanda ke da tasiri a wurinmu gabas ce da yamma. Tagar yamma tana shan rana mai ja-ja daga la'asar zuwa faɗuwarta, duk shekara. A irin wannan ɗakin ruwan toka mai sirkin ƙasa kan wuce gona da iri, ya yi ja-ja kamar an zuba masa hoda, shuɗi kuwa yakan rage kaifin hasken, ɗakin ya yi daɗin zama.

Sai kuma abin da katin shago ba zai taɓa sani ba. Tagogin alminiyon da ake yayi yawanci gilashinsu mai launi ne, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, kuma duk hasken da ya shigo sai ya ɗauko launin gilashin. Bayan gilashi ga raga, ga ƙarfen tsaro, ga labule mai kauri biyu. Bayan taga kuma ga katangar gida da ba ta fi mita ɗaya ko biyu ba, wadda launinta ke dawowa cikin ɗaki. Gilashi mai shuɗi yana kashe ruwan toka kamar yadda ƙwai mai 6500K ke yi. Tsakar gida mai jar ƙasa kuma tana turo ja ta taga.

Akwai wani ɗan lokaci da shuɗi ke cin kasuwarsa, wato gab da magariba. Jan Purkinje, masanin halittar jiki ɗan ƙasar Cek, ya bayyana a shekarun 1820 cewa idan haske ya yi ƙasa, jan abu ne ke fara yin duhu a ido, shuɗi da kore su daɗe suna haskawa. Dalili shi ne ido yana da ƙwayoyin gani iri biyu, masu aikin rana da masu aikin duhu, kuma na duhun sun fi jin shuɗi-kore. Wanda ya taɓa zama a shuɗin ɗaki kafin a kira salla, fitila ba a kunne ba, ya san abin da masu son wannan launi ke nufi. Mintuna ne 'yan kaɗan, amma ba a samunsu a ruwan toka.

Bango kuma ba shi kaɗai ne a ɗaki ba. A 1824 aka naɗa Michel Chevreul shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris, aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da suke rinawa ba ya ciza. Ya bincika ya tarar rinin lafiya lau yake. Idan aka saƙa baƙin kusa da shuɗi ne yake yin ja-ja a ido, domin kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa kishiyarsa. Ya wallafa littafi a kan haka a 1839. Ruwan toka shi ya fi kowane launi saurin biye wa maƙwabci, tunda ba shi da ƙarfin kansa. A shimfiɗa masa jan kafet ko kujeru ruwan jinin kare, irin waɗanda suka cika falukanmu, sai ya yi kore-kore. A sa masa koren labule, sai ya yi ja-ja. A haɗa shi da shuɗin bango, sirkin ƙasarsa ya ƙara fitowa, wanda hakan alheri ne, kuma shi ya sa launukan biyu ke jituwa a ɗaki guda. Shuɗi mai cizawa ba ya juyuwa da sauƙi. Shi ke juya na kusa da shi: katako ruwan ƙasa, labule ruwan zinari, tasoshin tagulla, duk sukan ƙara kyau a gabansa. Don haka inda za a yi jere, tambayar farko ita ce launin gado da kujeru da labulen da dangin amarya suka riga suka saya. Kayan ɗaki sun fi fenti tsada nesa ba kusa ba, bango ne zai bi su.

Mutumin Kano ba baƙon shuɗi ba ne. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau ana tsoma zane a rijiyoyinta. Lokacin da Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya tarar rinannen tufafin Kano yana kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus, kuma rawanin da aka rina aka buga a Kura shi ne abin alfaharin Buzaye a Sahara. Amma wannan shuɗin a jiki yake, ba a bango ba. Magina na da sun ci moriyar marina ta wata hanya: katsin da ake kwashewa daga rijiyar rini shi ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, don hana ruwa shiga gini. Cikin ɗaki kuwa farar ƙasa aka fi shafawa, kuma hikimar a fili take, ɗakin soro tagarsa ƙarama ce, dole bango ya taimaka wa ɗan hasken da ya shigo.

Shuɗin da ke cikin bokitin fenti na yau ba daga baba ya fito ba. A da, shuɗin da ya fi kowane tsada ana niƙa shi ne daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan, har sai da wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Guimet, a 1828 ya ci kyautar da aka sa ga wanda zai iya haɗa irinsa a masana'anta. Wannan garin ne a cikin bular da ake sa wa fararen kaya bayan wanki. Akwai wani kuma da aka gano a Balin a farkon ƙarni na 18, shuɗin Furushiya, mai kyau da araha, sai dai ba ya jituwa da siminti ko farar ƙasa mai kaifi, yana komawa ruwan ƙasa. Wanda ya fi yawa a fentin zamani wani sinadari ne mai jan ƙarfe a tsakiyarsa, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi kasuwa a 1935, mai jure rana da kaifin siminti. Shi ake haɗawa da baƙi da ɗan ja a sami nebi bulu. Ruwan toka kuwa kayan haɗinsa na talakawa ne: fari mai yawa, baƙi kaɗan, da ɗigon tsatsar ƙarfe mai ja ko ruwan ɗorawa, wato abin da ya ba jar ƙasarmu launinta. Da wuya rana ta kashe su.

Wannan bambancin kayan haɗi yana bayyana a aljihu. Abin da ke sa fenti ya rufe bango shi ne farin garin titaniyam. Ruwan toka cike yake da shi. Shuɗi mai cizawa kuwa dole a rage masa farin, in ba haka ba ba zai ciza ba, don haka ba ya rufewa da wuri. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, tsawon bango mita 3, in aka cire ƙofa da taga yana da kimanin murabba'in mita 40. Lita ɗaya ta fenti mai kyau takan shafe wajen murabba'in mita 10, wato galan mai lita 4 a kowane zagaye. Ruwan toka zagaye biyu ya wadatar. Shuɗi a kan farin bango yakan nemi uku, wani lokaci huɗu, sai dai in an fara shimfiɗa masa ruwan toka mai duhu a ƙasa, wanda shi ne dabarar fentan da ya san aikinsa. Wanda bai sani ba, ko wanda aka matse wa kuɗi, ruwa zai ƙara wa bokiti don ya kai, a wayi gari bango ya yi dabbare-dabbare, sawun rola a ko'ina.

Shuɗi mai duhu kuma ba ya rufa wa magini asiri. Duk tudu da kwarin filasta sai ya nuna su, musamman in fentin mai sheƙi ne kuma haske na zuwa daga gefe. Dole a yi sikiridin mai kyau, a goge sumul. Dole kuma a yi haƙuri sabuwar filasta ta bushe, aƙalla mako huɗu, domin ɗanyen siminti yana da kaifi kuma yana fitar da wani farin gishiri-gishiri yayin da ruwan cikinsa ke fita. A gidan da danshi ke hawowa daga tushe da damina, wannan farin yakan dawo kowace shekara a ƙasan bango. A kan ruwan toka sai an matso a gan shi. A kan shuɗi tun daga bakin ƙofa.

Sai ƙura. Mafi yawan hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. Busasshen tabon wurin fari-fari ne, kuma babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. In ta haɗu da ta unguwa mai ja-ja, launin da ke sauka a kan kayan ɗakinmu kusan shi ne ruwan toka mai sirkin ƙasa. Bangon da ke da wannan launi yana iya ɗaukar ƙurar wata guda ba a lura ba. Shuɗi mai cizawa kwana biyu ya ishe shi ya yi furfura. In aka ce a goge, wata matsalar ta taso: fenti mai duhu marar sheƙi in aka cuɗa shi da tsumma, wurin yakan yi ƙyalli ya bambanta da saura, haka ma inda kafaɗa ko bayan kujera ke gogawa. Maganinsa a sayi mai ɗan sheƙi da ake iya wankewa, wanda shi kuma ya fi tsada, ya fi tona aibin filasta. A gidan da ke da yara masu bin bango da hannun miya, ruwan toka zai nuna maiƙo, amma a wanke shi ko a ɗan shafa masa fenti a wurin, shi ke nan.

Akwai zantuka uku da ake yawan kawowa a wannan gardama waɗanda nauyinsu bai kai yadda ake ba su ba. Ana cewa shuɗi mai duhu zai ƙara wa ɗaki zafi. A waje gaskiya ne, bango ko rufi mai duhu yana shan rana ya yi zafi fiye da fari, kuma a garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Afrilu wannan ba wasa ba ne. A ciki kuwa zafi daga kwanon rufi da bangon yamma da gilashin taga yake zuwa, kuma irin zafin da bango ke fitarwa cikin ɗaki bai damu da launin fenti ba. Ana kuma cewa shuɗi yana kwantar da hankali ya kawo barci. Abin da aka tabbatar shi ne mutane suna son sa: a binciken jin ra'ayi da YouGov ta yi a ƙasashe 10 a 2015, shi ya zo na ɗaya a dukkansu. Wanda ke son launi zai ji daɗin kwana a cikinsa, iyakarta ke nan. Masu tsoron cewa shuɗin bango zai hana barci kamar hasken waya su ma su kwantar da hankali, farin bango ya fi shi mayar da shuɗin haske. Zancen sauro ne ke da ɗan ƙamshin gaskiya, tunda yana son laɓewa a wuri mai duhu da rana, kuma a kan bango mai haske an fi saurin ganinsa. Amma gidan sauro da ragar taga su ne magani, ba bokitin fenti ba.

Abin da ya fi waɗannan muhimmanci ba a cika tambayarsa ba, wato dalma. Fenti mai mai, musamman ja da ruwan ɗorawa masu ƙyalli, shi aka fi samu da ita, kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yara ba tare da wata alama ba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kashi 90 cikin miliyan. Don cikin ɗaki, fenti mai ruwa ya fi aminci, shuɗi ne ko ruwan toka. In kuma tsohon bango mai fentin mai za a kankare, a fitar da yara da mai juna biyu, a jiƙa wurin kafin a goge don kada ƙurarsa ta tashi.

In an tambaye ni, shuɗin ya fi kyau. Ruwan toka ya yi yawa, har ya kai ka shiga gida biyar a unguwa ɗaya ka kasa tuna falon wa ka zauna, kuma yayi ne aka kwaso daga waje, inda kamfanin Pantone ya ayyana shuɗi a matsayin launin shekarar 2020, ya biyo da ruwan toka da ruwan ɗorawa a 2021. Amma falon Bahaushe wurin jama'a ne. Nan ake suna, nan ake zaman gaisuwa, nan ake jingina da bango a miƙe ƙafa, ƙofa a buɗe ƙura na shiga. Wannan wurin na ruwan toka ne, da sharaɗin a saya masa ƙwan da ya dace. Shuɗi a kai shi inda hannu bai cika kaiwa ba kuma aka fi zama da dare: bangon da ke bayan gado a ƙuryar ɗaki, ko ɗakin karatun maigida, silin fari, fitila a kusa da bangon. Bango ɗaya ya isa ya ba da abin da ake nema ba tare da ya cinye hasken ɗakin ba. Ɗan haya kuwa ya tuna ranar tashi, domin mayar da shuɗi mai cizawa zuwa fari yana cin fenti fiye da yadda ya ci ranar shafa shi, kuma mai gida zai cire kuɗin a wani wuri.

Kafin a sayi bokiti, a sayi lita ɗaya ta kowanne. A samo falle biyu na silin ko katako masu faɗin mita guda, a shafa wa kowanne sau biyu, a bari su bushe sosai, don fenti mai ruwa launinsa yana canzawa in ya bushe. Faɗin yana da dalili: launi a babban fili ya fi ƙarfi a ido fiye da yadda yake a kati, shuɗin da ya yi kyau a ɗan yanki yana iya danne mutum a bango huɗu. A jingina su a ɗakin, kusa da kujera da labule, a duba da hantsi, da la'asar, da dare a ƙwan lantarki, sannan a kashe wuta a duba da fitila mai caji. A matsar da su daga bangon taga zuwa na gabanta, za a ga kamar an canza fenti.

In an tsayar da shawara, a sayi duk abin da ake bukata a lokaci guda, a juye bokitan a mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara, domin haɗi biyu na launi ɗaya ba sa zuwa daidai, ko inji ne ya haɗa balle hannu. A rubuta lambar launin, a ajiye ragowar lita ɗaya a rufe ruf a inuwa. Da ruwan toka, wannan ragowar za ta toshe ƙarzanen da masu shigo da gado za su yi. Da shuɗi mai cizawa faci ba ya ɓoyuwa, sai dai a sake shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka mai shuɗi ya ajiye galan guda.